Daga Kufena Zuwa Kerang: Abin Da Muka Gano a Tafiyar Kwanan Daji



An ba mu wannan dama ne domin mu yi bayani a kan tafiyar kwanan daji da waɗansunmu suka saba yi a lokacin hutu, da kuma dalilin da ya sa muke roƙon Ƙungiyar Ɗalibai ta ɗauke ta da muhimmanci. Mun sani akwai masu yi mana kallon marasa aikin yi. Sukan ce, ina amfanin mutum ya bar katifarsa ya je ya kwana a gindin dutse? To, ga amsarmu.

Bari mu fara daga gida. Duk wanda ya tsaya a fili a Samaru ya dubi kudu zai hango Dutsen Kufena. Mun sha jin ana cewa wai a dā dutse ne mai aman wuta. Wannan magana ba haka take ba. Kufena da Madarkaci da Turunku duk irin dutsen nan ne da masana ke kira giranit. Narkakken dutse ne wanda bai sami fitowa sarari ba, ya daskare a hankali can cikin ƙasa kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce. Ruwa da iska suka yi ta zaizaye abin da ke bisansa, har ya bayyana kamar yadda muke ganinsa. Shaidar tana jikinsa. In ka ɗauki ɓallinsa za ka ga ƙwayoyi manya-manya, farare da baƙaƙe da masu ruwan hoda, domin dutsen da ya huce a hankali shi ke yin manyan ƙwayoyi. Ita kuwa jar marmarar da ake haƙa a wajejen Basawa ana zubawa a hanya, ruɓaɓɓen dutse ne da damina da rani suka daɗe suna dafawa.

Wanda ke son ganin aikin wuta sai ya kama hanyar Jos. Daga Zariya tafiyar 'yan sa'o'i ce a mota, ta Soba da Dutsen Wai da Pambeguwa da Saminaka da Jengre. Yawancinmu mun sha bin ta muna gyangyaɗi. Mu kuwa kwana uku muke yi mata, da tanti da tukunya da 'yar guduma.

Zangon farko shi ne Dutsen Wai. A ido giranit ne shi ma, amma tsakaninsa da Kufena akwai tazarar shekara wajen miliyan 400. Wani Bature mai suna J. D. Falconer, a littafin da ya buga a 1911 kan duwatsun Nijeriya ta Arewa, shi ya raba su gida biyu, tsofaffi da sababbi. Sababbin nan, irin su Dutsen Wai da Kudaru da Riruwai da duwatsun Jos, saiwoyi ne na manyan duwatsu masu aman wuta waɗanda suka mutu tun tuni, zaizaya ta cinye kawunansu. Shi ya sa da yawansu ke zaune a kewaye kamar zobe in an dube su a taswira. Abin mamaki kuma, a jere suke tun daga ƙasar Azbin a Nijar, inda suka haura shekara miliyan 400, suna raguwa da shekaru in ana yin kudu, har zuwa Afu a Jihar Nasarawa inda suke wajen miliyan 140.

A nan ne maganar ta shafi aljihu, gama a cikin sababbin duwatsun nan kuza take. Tun kafin zuwan Turawa mutanen Riruwai suna narka ta, suna yin siraran sanduna, fatake na kai su kasuwanni masu nisa. Da Turawa suka bi sawun sandunan nan suka gano tushensu, sai suka shimfiɗa ƙaramar hanyar jirgin ƙasa daga nan Zariya, ta Rahama, ta isa Bukuru a 1914, aka rufe ta a 1957. Ke nan Sabon Garin da muke zuwa cefane ta taɓa zama mashigar kuzar Jos a kan hanyarta ta zuwa Ingila. Abin da aka bar wa mutanen Filato shi ne tudun ƙasa da kududdufai masu zurfi, waɗanda ke cin mutane da dabbobi. Wanda ya fi ka sanin abin da ke ƙarƙashin gonarka, lalle shi zai yanka mata kuɗi.

Daga Jengre mota ke fara hawa. Zariya tana kan tsayin mita 650 ko kusa da haka daga teku, Jos kuwa ta haura 1,200. Wanda ya zo da mayafi ɗaya a lokacin hunturu, daren nan zai gane kurensa.

Zango na ƙarshe, wanda dominsa ake tafiyar, yana kudu maso gabashin Jos, in an wuce Mangu, a ƙasar Mwaghavul wajen Panyam da Kerang. A nan ba a bukatar malami ya yi dogon bayani. Tuddai ne a jere, kowanne kamar an kifa ƙwarya, in ka hau sai ka tarar da rami a ka, watau bakin da wutar ta fito. Dutsen wurin baƙi ne, ba ka ganin ƙwayoyinsa domin a sarari ya huce da sauri. Wani kuma duk huji ne kamar soso, mara nauyi, saboda iskar da ta kuɓuce daga cikinsa yana tafasa. A Ampang akwai tafkin Pidong, wanda ruwa ya taru a cikin irin wannan rami. Shekarun waɗannan tuddai ba su wuce 'yan miliyoyi kaɗan ba, watau in aka gwada su da Kufena, jarirai ne. Ƙasar da ta fito daga baƙin dutsen tana da albarka ƙwarai, ga masara ga dankalin turawa, kuma daga maɓuɓɓugar Kerang ake ɗura ruwan kwalba na Swan. Irin wannan ƙasa ce a Biu ta Jihar Borno, inda tafkin Tila yake.

Kullum akan tambaye mu, shin za su sāke tashi? Babu labarin sun yi aman wuta a zamanin da mutane ke iya tunawa. Amma kada a ɗauka abin wasa ne, domin 'yan'uwansu na Kamaru suna da rai. Dutsen Kamaru ya yi aman wuta a 1982 da 1999 da 2000. A daren 21 ga Agusta, 1986, tafkin Nyos, wanda shi ma a bakin tsohon dutse yake, ya saki wata iska mai nauyi mara launi da ta daɗe tana taruwa a ƙasansa. Ta gangara cikin kwaruruka ta shaƙe mutum fiye da 1,700 da dabbobi wajen 3,500, da yawa suna barci. Sai a 2001 aka fara kafa bututun da ke fitar da iskar kaɗan-kaɗan. Ruwan wannan tafki in ya ɓalle, kogin Katsina-Ala zai bi ya shigo mana, kuma wannan na cikin dalilan gina madatsar Kashimbila a Jihar Taraba.

Yanzu sai mu juyo gare ku, ma'aikata, da mu da za mu bi bayanku. Gobe wani a cikinmu zai sa hannu a takardar haƙa rijiyar burtsatse. A ƙasa irin ta Basawa da Samaru, ruwa ba ya zama cikin dutsen kansa, sai a ruɓaɓɓen sashen da ke bisa da kuma cikin tsagogi. Wanda bai san haka ba zai biya ɗan kwangila kuɗin jama'a a kan busasshen rami. Wani kuma zai ba da iznin haƙar ma'adini. A 2010 gubar dalma da ke cikin dutsen zinariya ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara, saboda ana niƙa dutsen a tsakar gida. Ba sai mutum ya karanta ilmin duwatsu zai bukaci wannan sani ba. Mai karatun shari'a da mai karatun mulki sun fi kowa bukatarsa, tun da su ke riƙe da alƙalami.

Tafiyar tana da ƙa'idodinta. Halin tsaro ya sa ba a tafiyar dare, kuma ba a tashi sai an bincika lafiyar hanya. Ba a kafa tanti sai an gai da mai gari an nemi izni, a kwana inda ya nuna. Waɗansu duwatsu da tafkuna wuraren al'ada ne ga masu su, don haka ba a hawa sai da ɗan gari, ba a kuma fasa dutse inda aka hana. A duba takalmi da safe saboda kunama.

Roƙonmu ga Ƙungiya abu uku ne: motar haya sau ɗaya a shekara a hutun rani, tantuna huɗu da za a ajiye a ofis ana ara, da takardar gabatarwa zuwa ga hakimai da ƙananan hukumomin da ke kan hanya. Abinci da tabarma kowa ya zo da nasa. Duwatsun da muka tsinto suna nan a kan tebur, na Kufena a dama, na Kerang a hagu, ga mai son ya ɗaga ya ji bambancin nauyinsu.