Ta Ina Iskar Gas Ke Bi a Cikin Dutse?



Mutanen Likoro, Hunƙuyi, Maƙarfi da Ikara, kun sha ganin motar haƙa burtsatse ta wuni tana ruri, ba abin da ke fita sai farar ƙura. A matsa gaba kaɗan, ruwa ya yi tsartuwa har ya jiƙe masu kallo. Ƙasan yankinmu dutse ne mai tauri irin na Kufena, ruwa ba ya ratsa shi sai ta tsaga.

To, iskar gas ma tsagar take nema, sai dai ba ta zama a irin dutsenmu. Gidanta dutsen yashi ne, wato yashin tsofaffin koguna da ya danne ya daskare tsawon miliyoyin shekaru, kamar na Bima a yankin Gombe da Bauci, inda aka ƙaddamar da haƙar mai a Kolmani a Nuwamban 2022.

Tsakanin ƙwayoyin yashin akwai 'yan kafofi, nan iskar ke maƙale. A wani dutsen kafofin a haɗe suke, tana wucewa salin-alin. A wani kuwa laka da ma'adinai sun toshe mashigar, ta fi silin gashi siranta nesa ba kusa ba. Iskar na nan dam, amma rarrafe take yi. Ma'aunin wannan sauƙin wucewa cikin dutse ana kiransa darcy, sunan wani injiniyan Faransa da ya gwada tafiyar ruwa cikin yashi a 1856. Dutsen da bai kai kashi ɗaya cikin 10,000 na darcy ba, shi ake cewa matsattse.

Ku ji ikon Allah: idan faɗin tsaga ya ninka biyu, abin da ke bi ta cikinta ninki takwas yake yi. Shi ya sa masu haƙa ke ɗura ruwa da yashi da matsanancin ƙarfi har dutsen ya dare, yashin ya tokare tsagar kada ta koma. A Kansas ta Amurka aka fara gwada fasa dutse haka, a 1947.

Da farko rijiyar gas ɗin kan yi ambaliya, sannan ta ja baya, domin abin da ke cikin tsaga ya ƙare, saura wanda dutse ke tsattsafowa. Duk wanda ya yi muku lissafin arziki da watan farko, ku ce ya dawo baɗi. Ku kuma tambaye shi, ku masu noman rake da tumatir, daga ina za a ɗebo miliyoyin litocin ruwan da aikin ke ci.