Waya da Amana: Jawabi ga Malaman Wanke



A watan Satumba na 2021 gwamnati ta katse layukan waya a Zamfara domin toshe kafar masu kai wa 'yan bindiga rahoto. A makonnin nan muka gane yadda rayuwarmu ta rataya a kan waya: kuɗi suka maƙale, labarin dangi ya yanke, mai neman agaji ya rasa wanda zai kira. Wayar da ke ceton majinyaci, da ita ake neman kuɗin fansa.

Saboda haka wajibi ne mu koya wa ɗalibanmu cewa yaɗa jita-jita ko tona inda maƙwabci yake cin amana ne, ko da yatsa aka aikata shi.

Allah Ya ba mu zaman lafiya.