Amsa Ga Mai Tambaya Daga Rogo: Shin Baba Zai Sake Tafiya?

Wasiƙarmu ta yau daga Rogo ta fito. Wani manomi ne ya ce mahaifinsa mai shekara 70 ya faɗi a hanyar kasuwar Karaye, baki ya karkace, hannun dama ya saki. Dangi sun ce iska ce.

To Malam, Allah Ya ba Baba lafiya. Wannan ciwo shi ne shanyewar ɓarin jiki, wato jijiyar jini ce ta toshe ko ta fashe a ƙwaƙwalwa. Likitocin Nijeriya da Gana, har da na Asibitin Malam Aminu Kano da na Zariya, sun binciki majinyata fiye da 2,000, suka fitar da sakamako a 2018. Hawan jini ne kan gaba, nesa ba kusa ba. Barbaɗa gishiri kan abinci na ƙara haɗarin, cin ganye kullum na rage shi. Ga zogale nan a bayan gida!

Batun tafiya kuwa, ba zan yi maka alkawari ba, don tsoho ba ya murmurewa kamar yaro. Amma yawancin sauƙin a wata uku zuwa shida na farko ake samunsa, saboda haka kada ku ɓata wannan lokaci kuna turare a ɗaki. Ku kai shi asibiti a auna shi, ya riƙe maganin hawan jini ba fashi, masu gashin ƙashi su koya muku motsa masa hannu da ƙafa. A riƙa juya shi kada bayansa ya yi gyambo. In yana ƙwarewa da ruwa ko kunu, a gaya wa likita.

Kai ma, ranar da kuka je, miƙa hannunka a auna.