Jawabin Shugaban Taro a Bikin Ƙaddamar da Littafin Tarihin Gobir da Zamfara, Ƙaura Namoda

   

In aka tambayi ɗan makaranta yaushe jihadin Shehu Usmanu ya fara, zai ce 1804, shekarar hijira daga Degel zuwa Gudu. Bai yi kuskure ba, amma ya makara da shekara arba'in. Tun shekarun 1760 Sarkin Gobir Babari ya ci Birnin Zamfara, Alkalawa ta zama babban birni a kan ƙasar Zamfarawa. Saboda haka da Shehu ya shigo Zamfara yana wa'azi, har kimanin shekara biyar, mutane ya tarar masu tsohon miki.

A Magami, ranar idi, Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya miƙa masa dukiya. Shehu ya ce a bar ta. Abu biyar ya roƙa, kuma ina so ɗalibanmu su lura da biyu daga ciki: a saki 'yan kurkuku, a sauƙaƙa wa talakawa haraji. Ba sai mutum ya sauke Alƙur'ani zai gane wannan magana ba. Makiyayin da jangali ya ƙare wa shanu ya gane ta sarai. Bawa ya yarda, don dattijo ne mai lissafi. Daga baya Sarkin Gobir Nafata ya zo ya hana rawani da lulluɓi, ya ce kada kowa ya yi wa'azi sai Shehu kaɗai. A zamanin Sarki Yunfa aka auka wa jama'ar Abdussalami, almajirin Shehu, a Gimbana, daga nan sulhu ya gagara.

Akwai kuma shafin da ba mu cika karantawa a taro irin wannan ba. A 1805 yunwa ta sa rundunar jihadi ta taɓa rumbunan Zamfarawa, garuruwa da dama suka juya mata baya. Rumbun da ya kawo Zamfarawa shi ya kore su. Namoda da mutanensa Alibawa sun tsaya tare da Shehu, aka yi nasara a Fafara kusa da Zurmi a 1806, Alkalawa ta faɗi a 1808. Na yaba wa marubucin da bai tsallake wannan shafi ba, ko da yake na san wasu dattawanmu za su ɗaure fuska.

Mai Martaba Sarkin Kiyawan Ƙaura Namoda, ranka ya daɗe, muna roƙon ka sa albarka, ka buɗe mana littafin da bismillah.