Wa Zai Riƙe Tsofaffinmu a Baƙon Wuri?

Karatu: Yohanna 19:25-27, 1 Timoti 5:3-8



Iyayenmu da yawa sun zo Inugu, Anacha da Fatakwal neman abinci tun suna samari. Yau ƙarfi ya ƙare, 'ya'ya sun watse, gonar gida tana hannun wasu. Ina za su zauna?

A Amurka akwai unguwannin tsofaffi inda mutum yake shiga da ƙafarsa, ya zauna a ɗakinsa. In ya raunana, a taimake shi da wanka da abinci. In ciwo ya kwantar da shi, masu jinya su karɓe shi, duk a wuri ɗaya. Amma kuɗin shiga ba na talaka ba ne. A Inugu, sistocin Little Sisters of the Poor, ƙungiyar da aka fara a Faransa a 1839, suna riƙon tsofaffi matalauta, sai dai gida ɗaya ba ya ɗaukar kowa.

Ku dubi Ubangijinmu. Yana kan gicciye, ya danƙa uwarsa ga almajiri guda, shi kuwa ya kai ta gidansa. Bulus ma ya ɗora nauyin a kan iyali tukuna, sa'an nan ikkilisiya ta riƙe wadda ba ta da kowa.

Saboda haka ku zauna da Baba da Mama tun suna da lafiya. Nan suke so, ko gida? Wa zai sayi magani? Wa zai kwana da su ranar ciwo? Dattawa da zumuntar mata, ku san tsohon da ba mai leƙa shi.

Ubangiji ya ba mu zuciyar riƙo. Amin.