Man Zaitun Abinci Ne, Ba Ya Maye Gurbin Likita



A kowace shekara idan muka zauna yi wa mamatanmu addu'a a wannan taro, mukan tarar da yawa daga cikinsu hawan jini da shanyewar ɓarin jiki ne ajalinsu. Kwanan baya muka je asibiti dubiyar wani tsohon ɗalibinmu, ya shaida mana cewa ya ajiye ƙwayoyin da likita ya ba shi, ya koma shan man zaitun da aka kawo masa tsarabar Makka. Abin da ya sa ke nan muka zaɓi yin magana a kan wannan mai.

Babu ja, man zaitun yana da amfani. Mutanen bakin Bahar Rum, kamar Sifen da Italiya da Girka da Tunisiya, da shi suke girki tun kaka da kakanni. Wani ɓangare na amfaninsa yana cikin sinadaran da masana ke kira folifenol, waɗanda su ne ke sa mai na ƙwarai ɗaci-ɗaci da ƙaiƙayi a maƙogwaro. A 2012 Tarayyar Turai ta yarda a rubuta a jikin kwalba cewa suna taimakawa wajen kare kitsen da ke cikin jini daga lalacewa, amma da sharaɗin a samu aƙalla miligiram 5 na irin waɗanda ta ƙayyade a cikin kowane giram 20 na man.

A Sifen an bi lafiyar mutum 7,447 masu shekara 55 zuwa 80, waɗanda ake jin tsoron ciwon zuciya ya kama su, har kusan shekara biyar. An fitar da sakamakon a 2013, aka gano kurakurai wajen raba mutanen rukuni-rukuni, aka gyara aka sake fitar da shi a 2018. Waɗanda aka ba man zaitun, bugun zuciya da shanyewar jiki da mutuwa ta dalilinsu sun ragu musu da kusan kashi 30 cikin 100, idan aka gwada da waɗanda aka ce su rage maiƙo kawai. To amma ku lura, 'yan'uwa: ba kurɓarsa suka yi kamar magani ba. Da wake da ganye da kifi da 'ya'yan itatuwa suka ci shi, suka rage jan nama da lemon kwalba, kuma ba a hana kowa shan maganinsa ba.

Saboda haka mai saye ya nemi wanda aka rubuta Extra Virgin a jikinsa, wato matsin farko ba tare da wuta ba. Wanda aka tace a masana'anta, ko aka tatso daga tunkuzar zaitun, ya rasa akasarin waɗannan sinadarai. Araha ba ta ado. A zaɓi kwalba mai duhu, a ajiye ta nesa da rana da murhu. Cokali guda yana da kalori kusan 120, daidai da man gyaɗa, don haka musanya ake yi da shi, ba ƙari ba. A zuba shi a kwaɗon zogale ko dafaffen wake a madadin wani man.

Wanda kuma ba shi da halin saye, kada ya damu. Zogale da rama da wake da muka taso a kansu suna nan. A rage gishiri da dunƙule, a riƙa taka ƙasa, a riƙa awon jini a kai a kai.

Muna roƙon shugabanni su tanadi ma'aikacin lafiya da zai auna jinin kowa a taron baɗi, domin rigakafi ya fi magani. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya mai da kowa gidansa lafiya.