Yaro Mai Fuka: Mu Damƙa Masa Ragamar Numfashinsa

 

Kowace shekara, da hunturu ya kama daga Nuwamba zuwa Fabrairu, mukan kwaso 'ya'yanmu daga Abuja da Kaduna da Legas mu kawo su gida hutu. Su tarar da hazo, da ƙurar sussuka da shiƙar gero a Sifawa da Danchadi da Shagari, ga hayaƙin murhu, ga turaren wuta da maganin sauro a rufaffen ɗaki. Duk waɗannan suna tayar da fuka, wato asma, ciwon da ke kumbura hanyoyin iska na huhu ya ƙuntata su. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 262 ke ɗauke da shi, kuma ya yi ajalin 455,000.

Laifinmu iyaye shi ne ɓoyo. Mukan kulle abin shaƙa a akwatin uwa, mu hana a faɗa wa malamai, musamman in 'ya mace ce, don gudun kada maganar ta kai kunnen manema. Alhali fuka ba ta yaɗuwa, kuma ba ta jiran uwa ta dawo daga unguwa. Ran da ta taso wa yaro cikin dare a makarantar kwana, me zai yi?

Saboda haka mu koya masa abu uku. Na farko, ya san abin da ke tayar masa da ita, ya kauce. Na biyu, ya bambance magungunansa: shuɗin nan irin Ventolin na buɗe ƙirji ne nan take, na rigakafi kuwa shi ke kwantar da kumburin, a sha yadda likita ya tsara ko da lafiya lau ake. Tun 2019 masana suka daina ba matasa da manya shawarar dogaro da shuɗin kaɗai. Na uku, ya san alamun haɗari: in ya kasa ƙarasa magana, ko tsakanin haƙarƙarinsa na lotsawa, ko ya shaƙa bai ji sauƙi ba, ya nemi babba a garzaya asibiti, ba sai gari ya waye ba.

Kafin a koma makaranta, mu kai shi ga likita, a nan gida ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, ya shaƙa a gabansa a gyara masa, a rubuta masa ƙa'idar a takarda. Kwafi ɗaya a jakarsa, ɗaya wurin malaminsa, ɗaya wurin kaka.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah Ya raya mana zuri'a, Ya maida kowa masaukinsa lafiya.